Zaren da Aka Datse da Haƙori

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku. Har da wadda ta ce in ban fito da Dogo daga kurkuku a shafin nan ba, ta daina gaishe ni. Baiwar Allah, ni ce alƙali? Ku dai gyara zama.

*

Auta ba ta san lokacin da ta zauna ba. Ta dai tsinci kanta a kan kujerar ofishin Lauya, jakarta a ƙasa, fankar sama tana juyawa a hankali.

"Sake faɗa min," ta ce.

Lauya ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Matar nan tun da ta karɓi shari'ar Dogo, mijin Auta, ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Yau ga su a waje.

"Na ce an sami mai shi. Kuma ba mijinki ba ne."

"Mai me?"

"Mai yawun."

Auta ta zuba mata ido. Maganar tana zuwa mata daga nesa, kamar ana kiranta daga ƙarshen layi.

"Kin tuna buhun da aka tsinci gawar mai sito a ciki?"

Ina za ta manta? Buhun nan shi ya cinye mata ƙuruciya. Dogo direban mai sito ne, a bayan motar da yake ja aka ga jini, shi ke nan aka yi masa ɗaurin rai da rai. Lokacin tana da ciki. Ga yarinyar yanzu tana wanke kayan makarantarta da kanta, ba ta taɓa ganin ubanta ba sai ta tsakanin ƙarafa.

"Na tuna," ta ce.

"Wanda ya ɗinke bakin buhun bai yanke zaren da wuƙa ba. Da haƙori ya datse. Yawunsa ya zauna a jikin zaren."

"Yawu? Duk shekarun nan bai bushe ba?"

"Ya bushe mana. Abin da ke cikinsa ne bai tafi ba. Kowane ɗan Adam da irin ƙwayar halittarsa, taki daban, tawa daban. Tun a wancan lokaci aka ciro ta daga zaren, aka gwada da ta Dogo, ba su dace ba."

"To don me suka ɗaure min shi?"

"Alƙali ya ce zaren da ba a san mai shi ba, ba ya wanke kowa. Muna da sawu, ba mu da ƙafa."

"Yanzu kuma fa?"

"Yanzu ƙafar ta kawo kanta." Lauya ta jingina da kujera. "Kin san dokar nan da aka yi, cewa duk wanda kotu ta tabbatar wa laifi a goga masa ɗan tsinke mai auduga a cikin kumatu, a ajiye abin da aka samu a rumbun kwamfuta?"

"Na sani. Ni har zagin dokar na yi."

"Da yawa sun zage ta. Ni ma na yi mata kallon tsoro da farko, na ce kada a wayi gari an tara na kowa da kowa. Amma na waɗanda aka yanke wa hukunci ne kaɗai. Kwamfuta tana nan tana bin tsofaffin shari'u, duk wanda ya shigo sabo ta gwada shi. Sau nawa mutum zai yi babban laifi ya sha, ƙarami ya kawo shi hannu?"

Auta ta gyaɗa kai, ba don ta gane duka ba.

"Shaida yana mantuwa," in ji Lauya. "Yana jin tsoro. Ana saye shi. Yana mutuwa ma. Na sha binne shari'a tare da mai shaida. Wannan kuwa ba ya mantuwa, ba ya tsoron kowa. Ba kamawa kaɗai yake yi ba, yana saki. Mutane irin mijinki ba su da wani mai tsaya musu sai shi."

"Wane ne?"

"'Yan sanda ba su ba ni suna ba tukuna. Sun dai ce wani ne da ya yi ɗan zaman gidan yari bara, a kan faɗa. Ya fito tuni."

"Allah Ya isa tsakanina da shi. Allah Ya isa!"

"Amin. Amma saurara da kyau." Lauya ta ɗaga yatsa. "Kwamfuta nuni kawai take yi. Sai an kamo shi an sake ɗauka a gaban shaidu kafin alƙali ya saurare mu. In ya ji ƙishin-ƙishin ya gudu, mun koma gidan jiya. Kada ki gaya wa kowa. Kin ji ni? Kowa."

"Na ji."

Ta ji ɗin. Ni dai ban ce komai ba.

*

Auta ta fito titi.

Rana ta karkata, hasken ya yi laushi, ya kwanta a jikin gine-gine ruwan zuma. Motar haya ta tsaya a gabanta, ta wuce, wata ta tsaya, ita ma ta wuce. Auta ba ta shiga ba. Tafiya take so.

Duk dogon mutumin da ta hango sai ya zama Dogo. Ga shi can yana tsallaka titi. Ga shi yana sunkuyawa zai shiga kanti. Ga shi a gefenta, yana rage tsawon takunsa don kada ya bar ta a baya, yadda ya saba.

"Ka rame," ta ce masa.

"Ke kuma har yanzu ba ki ƙara tsawo ba," ya ce mata.

Ta yi dariya ita kaɗai. Wata mata mai jan yaro ta waiwayo ta dube ta, ta ƙara sauri.

A zuciyarta har ta kai shi gida. Ya sunkuya a bakin ƙofa kada ya buge kai. Yarinyar ta laɓe a bayan labule tana leƙensa da ido ɗaya. Ya wanke hannu, ya ci abinci, ya miƙe a kan gado, ƙafafunsa suka zarce katifar suna reto a iska kamar kullum.

Nan ta tsaya cak.

Wallahi ba zai dawo ya kwanta a guntuwar katifar nan ba. Bayan duk shekarun da ya yi a kan siminti? Sabuwa za a yi masa, doguwa, daidai shi.

Kuma wa zai yi ta in ba Yaya ba?

Yaya, wanda ya goya ta bayan rasuwar iyayensu. Yaya mai shagon katifa da gyaran kujeru, wanda ya riƙe ta da 'yarta tun ranar da aka tafi da Dogo, bai taɓa barin su kwana da yunwa ba. Lauya ta ce kada a gaya wa kowa, gaskiya ne. Amma a wurin Auta, bare ake nufi. Ɗan'uwa ai rabin jiki ne, mutum yana ɓoye wa rabin jikinsa magana?

Hmm. Baki dai shi ke yanka wuya.

*

Shagon yana nan yadda ta san shi tun tana ƙarama. Soso a jingine har rufi. Wata kujera an kwantar da ita ƙafafu sama, cikinta a buɗe. Buhunan auduga a kusurwa. Haske yana shigowa ta ƙofa, ƙananan gashin auduga suna yawo a cikinsa, ba sa sauka, ba sa tashi.

Yaya yana zaune a kan ɗan benci, matashin kai a cinyarsa, yana ɗinke bakinsa da basilla.

"A'a! Auta sarkin kuka. Yau kuma dariya? Wa ya mutu ya bar miki gado?"

"Yaya, katifa nake so."

"Taki ta yi me?"

"Doguwa nake so. Doguwa sosai."

"Ke? Ke da in kin hau kujera ƙafarki ba ta taɓa ƙasa?"

"Ba tawa ba ce."

Ta durƙusa a gabansa, ta dafa gwiwarsa. Hawaye da dariya suka haɗe mata.

"Yaya, Dogo zai fito."

Basillar ta tsaya a cikin yadin.

"Wa ya ce?"

"Lauya. Yanzu na baro ta. Ta ce kada in gaya wa kowa, amma kai ai dole ka ji."

"Afuwa aka yi musu?"

"Ba afuwa ba. Gaskiya ce ta yi halinta. An gano wanda ya kashe mai sito."

Ya ci gaba da ɗinki. A hankali. Ya soka, ya ja. Ya soka, ya ja.

"Ikon Allah," ya ce. "Ta yaya?"

Ta kwashe duka ta zuba masa. Buhun, zaren, yawun, rumbun, kwamfutar da ba ta barci. Har da cewa ba a kama mutumin ba tukuna, har da cewa in ya gudu an koma gidan jiya. Ba ta rage ko ƙwaya ba.

Yaya bai ɗago ba. Ya kai ƙarshen ɗinkin, ya ƙulla. Almakashi yana nan ajiye kusa da ƙafarsa. Bai ko kalle shi ba. Ya sunkuya, ya kai zaren baki.

Ƙat.

Auta ta yi dariya.

"Ka ga, kamar yadda kake yi ɗin nan! Inna har ta rasu tana maka faɗa, wai za ka ƙarar da haƙoranka a kan za..."

Maganar ta maƙale.

Gashin audugar yana ta yawo a tsakaninsu. Ta bi guda ɗaya da ido, ya yi sama, ya yi gefe, ya sauka a kan hular Yaya.

Bara.

Bara ne Yaya ya fasa wa wani mutum muƙamuƙi a layin gidan mai. Aka yanke masa 'yan watanni. Ranar da ya fito, a kan wannan bencin ya zauna yana ta masifa, wai sun buɗe masa baki sun goga masa auduga kamar akuya a hannun likitan dabbobi. Wai ya yi laifi ya biya, don me za su ajiye yawunsa? Ita ma ta taya shi. Ta zagi dokar, ta zagi waɗanda suka yi ta.

Hannunta ya zame daga kan gwiwarsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Masu ɗinki da yawa suna datse zare da haƙori, ko?"

"Da yawa."

"Kuma masu faɗa da aka ɗaure bara suna da yawa."

"Suna da yawa."

"To ka ce min ba kai ba ne."

Ya kawar da kai gefe.

"Yaya, ka ce min kawai. Wallahi zan yarda. Ko ƙarya ce zan yarda."

Ya ajiye matashin a gefe. Ya zare guntun zaren da ya maƙale masa a leɓe, ya tsaya yana kallonsa a kan yatsa.

"Tun ranar da suka goga min abin nan," ya ce, "ban sake barcin kirki ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta so ta yi, muryar ce ta ƙi zuwa. Ji take kamar irin mafarkin nan da ake bin mutum, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Me ya yi maka?"

"Ni bai yi min komai ba."

"To don me?"

"Kin manta? Nan kika zo, inda kike zaune ɗin nan. Kika ce duk ranar da ya tura Dogo tafiya mai nisa sai ya zo yana ƙwanƙwasa miki ƙofa. Kika ce kin rasa yadda za ki yi, kina tsoron gaya wa mijinki kada aikinsa ya tafi."

Ba ta manta ba. Ta dai binne maganar ne, ta ɗora mata shekaru a kai.

"Na je in ja masa kunne ne kawai. Allah shaida. Ya yi min dariya. Ya faɗi wata magana a kanki da ba zan maimaita ba. Na ture shi. Ya faɗa da ƙeya a kan ƙarfen sikeli." Ya shafa fuska. "Turewa ɗaya, Auta."

"Kada ka ce saboda ni."

"Ban ce ba."

"Ka ce! Yanzu ka ce! Turewar saboda ni, na ji. Shirun fa? Shirun da ka yi a kotu, kana zaune kusa da ni kana riƙe min jaka, shi ma saboda ni ne?"

"Auta..."

"Kai ka kai ni asibiti na haihu. Kai ka fara ɗaukar yarinyar nan. Kana kallon fuskarta, fuskar ubanta sak, ka iya haɗiye abinci?"

"Ban taɓa barin ku kun rasa komai ba."

"Mun rasa shi!"

Wannan karon muryar ta fito. Har mai walda na shagon gefe ya tsagaita, sannan ya ci gaba.

"Duk ranar ziyara kai kake kai ni," ta ce, a hankali yanzu. "Ka tsaya a waje. Ka ce ba ka son warin wurin. Ni kuma in ce Allah sarki Yaya, zuciyarsa ba ta iya ɗauka."

Ya sunkuyar da kai. Sai yau ta lura furfura ta cinye masa ƙeya. Abin haushi, tausayinsa ya taso mata. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin tausayin, amma bai koma ba. Wannan bayan ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ƙaya ta soke ta.

"Ki ba ni zuwa faɗuwar rana," ya ce.

"Me?"

"Ba na roƙon ki yafe. Ki tashi ki tafi gida kawai. Ba ki zo nan ba, ba ki gan ni ba. Kafin gari ya waye na yi nisa."

"In ka tafi, Dogo ba zai fito ba."

"Ai sun riga sun sami abin da suke nema a kwamfutarsu."

"Sai an sake ɗauka a bakinka. Na gaya maka. Da bakina na gaya maka."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Kai, Auta! Ke da aka ce kada ki gaya wa kowa, kika ɗauko maganar a ka, kika kawo ta har gaban mai ita.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji Yaya. "Ni kaɗai na rage miki a duniya."

"Ita ma yarinyar uba ɗaya gare ta."

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka.

Su duka biyu suka kalli jakar. Ta yi ta yi ta katse. Ta sake ɗauka.

Auta ta ciro ta. Lauya ce.

"Kada ki ɗauka," ya ce.

Ta ɗauka.

"Kina ina?" Muryar Lauya ba irin ta ɗazu ba ce. Babu sauran murmushi a cikinta.

"Ina... ina hanya."

"Sun ba ni sunan. Ki nemi wuri ki zauna kafin in faɗa miki."

"A zaune nake."

Lauya ta rage murya.

"Kin sani ke nan."

Auta ta ɗago ta kalli Yaya.

"Ki saurare ni. 'Yan sanda sun je gidansa, ba ya nan. Maƙwabta sun ce yana da shago, amma kowa da layin da yake kwatanta musu. Suna tare da ni yanzu. Kin san inda yayanki yake?"

Yaya yana kallonta. Ya dai haɗa tafukan hannunsa biyu a ƙirji, manyan hannayen nan masu kanta, yana girgiza mata kai a hankali.

Ta rufe ido.

Ta ga Dogo a bakin ƙofar gida, da 'yar jakar leda a hannu. Ta ga Yaya yana saurayi, yana hura mata shayi a murfin kofi kada ya ƙona ta. Suka tsaya mata su biyu, kowa yana jiran ta kira shi.

"Kina ji na?" in ji Lauya.

"Yana gabana," Auta ta ce. "Layin masu walda, bayan tashar mota. Shago mai koren ƙofa."

Ta kashe wayar. Ta kife ta a ƙasa.

Ta jira ya tashi ya ruga. Ƙofar a buɗe take, ita kuma ko kaza ba za ta iya tarewa ba a yadda take.

Bai ruga ba.

Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe audugar da ke jikin rigarsa. Ya je kusurwa ya jawo wani buhu da aka cika, bakinsa a buɗe, ya kawo shi gabanta. Ya zura sabon zare a basilla.

"Riƙe min," ya ce.

Hannayenta suka tafi da kansu. Tun tana 'yar mitsitsiya take yi masa wannan aikin. Ta kama bakin buhun gefe da gefe, ta haɗe shi, ta ɗaga.

Ya soka basilla. Ya ja.

"Saki ki gani."

Ta saki. Bakin ya wangale, ɗinkin ya zame, buhun ya kwanta a gefe.

"Kin gani? Wannan auduga ce ma, ba nauyi. Buhun da aka cika ba ya ɗinkuwa da hannu biyu. Biyu na ɗinki, biyu na riƙo."

A waje wata mota ta tsaya. Aka buɗe ƙofofi, aka rufe.

"Yaya, me kake nufi?"

"Zan faɗa musu komai, kamar yadda kike so. Ba zan rage ko ƙwaya ba."

Takun takalma ya nufo shagon.

Ya sunkuyo daidai kunnenta, da irin muryar da yake lallashinta da ita tana yarinya.

"Yawuna ne a jikin zaren, ban musa ba. Amma ranar ziyara, ki tambayi mijinki wa ya riƙe min bakin buhun."